Shirun Maigadi

Litinin, 23 ga Yuni

Zafin bana ya wuce misali. Tun da hantsi na'urar sanyaya ɗakin inji ta soma ɗigar da ruwa ta gefen hagu. Na tara bokiti. Mai gyara ya zo bayan azahar, ya buɗe, ya wanke, ya ƙara mata iska, sannan ya ce, "Baba, wannan ta yi aikinta, ku sallame ta da mutunci." Na ce masa ni ma an sha gaya mini haka, ga ni kuma. Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Bari in rubuta don in ga abin a fili. Saba guda ce gare ni, wato babbar kwamfutar da shafukan intanet na mutane ke zaune a cikinta, tana ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin. A da, shafukan sun fi ƙarfin a lissafa su da ka. Yanzu saura kaɗan: na mai sayar da kayan gini, na wani ƙaramin asibitin haƙori, na ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan waya da muka yi aiki tare, sai na makaranta. Makarantar ita ce ginshiƙi. In ta tashi, sauran ba za su riƙe ɗakin ba.

Auta ta aiko da tikitin jirgi, ni da uwarta. Wai mu je mu yi dogon hutu a wurinsu, Hajiya kuma ta ga likita a kan ciwon cikin nan da ke taso mata jefi-jefi. Tun da na kunna injin nan ban taɓa yin nisan da mota ba za ta dawo da ni a yini guda ba.

Alhamis, 26 ga Yuni

Hajiya ba ta ci abincin rana ba. Ta ce zafi ne. Zafin kuwa akwai shi.

Asabar, 28 ga Yuni

Mijin Auta ya kira. Yaro ne mai ladabi, kuma sana'ar tamu ɗaya ce, sai dai shi a babban kamfani yake. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya kawo abin da ke ransa. "Baba, me zai hana kafin ku taso mu kwashe shafukan mu kai hayar wuri a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan? Su ke da wuta, su ke da sanyi, su ke da masu tsaro. Sai ku yi hutunku da kwanciyar hankali."

Na ce masa amanar da aka damƙa mini hannu da hannu ba na kai ta gidan da ban san fuskar mai shi ba. Ya ce, "Haka ne, Baba." Irin "haka ne" ɗin da ake yi wa tsoho.

Abin da ban faɗa masa ba: in na kwashe, to mene ne aikina? Na zama dillali ke nan.

Talata, 1 ga Yuli

Na je makaranta. Yara sun tafi hutu, ana fentin ajujuwa, kujeru a jibge a baranda. Shugabar makarantar ta karɓe ni a ofishinta. Marigayi mijinta abokin aikina ne, ta dalilinsa na yi musu shafin tun makarantar tana aji uku.

Rajistar sababbin ɗalibai za ta buɗe ranar Litinin mai zuwa, ta rufe ƙarshen wata. Guraben kaɗan ne, masu nema kuwa kamar ƙasa. Tsarin da muka yi shekara da shekaru shi ne, iyaye su cike a shafi, sabar ta rubuta lokacin da kowa ya cike, wanda ya riga shi ke samu. Ta ce, "Injiniya, injinka shi ne alƙalina. Duk mai babbar rigar da ya zo neman alfarma, sai in ce ya je ya roƙi kwamfuta."

Da na faɗa mata zan yi tafiya sai ta ajiye biro. Ta ce 'ya'yanta sun dame ta a kan ta koma wa kamfani, ita kuwa kullum amsarta ɗaya ce, Injiniya bai taɓa ba ta kunya ba. Na ce ba kuma za a fara a bana ba. Na faɗe shi da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, ina jin.

Juma'a, 4 ga Yuli

Mun yi yarjejeniya da Hajiya, ita ta kafa sharuɗɗa. Ba zan ɗauki kwamfutar tafi-da-gidanka ba. Ba zan leƙa imel ba. Ba zan ari kwamfutar kowa in ce "minti ɗaya" ba. Ta ce, "Malam, shekara nawa ina kallon ƙeyarka. Wannan karon ka bar majinyacinka ya yi jinyar kansa." Haka take kiran sabar, majinyacina.

Na yarda, da sharaɗi guda nawa: Maigadi. Ƙaramar manhaja ce da na rubuta da hannuna, tana zagaya shafukan ɗaya bayan ɗaya, in ta ga wani ya faɗi ta aiko mini da saƙo. Na sa mata lambar layin da Auta ta tanadar mana a can, tun da nawa ba ya aiki a waje. Na kuma ƙara mata aiki: duk wanda ya rubuto imel ya sa kalmar "gaggawa" a kai, ta sanar da ni. Na gaya wa kowa da kowa haka.

Na gwada. Na rufe shafin mai kayan gini da gangan. Kafin in ajiye kofin shayi Auta ta kira, ta ce wani saƙo ya shigo layin. Na aika wa kaina imel na gaggawa, shi ma ya isa. Aiki ya yi kyau. Ba yabon kai ba, manyan kamfanonin ma ba su fi haka ba.

Lahadi, 6 ga Yuli

Haɗa kaya. Na ɗauki kwafin komai a ƙaramin faifai, kamar yadda na saba kowace Lahadi, na tura shi cikin safa a ƙasan akwati. Faifai ba kwamfuta ba ne, ban karya alkawari ba.

Ƙanen Hajiya zai riƙa zuwa ba shuke-shuke ruwa. An ba shi makullin gida. Na ɗakin inji yana aljihuna. Mutum ne mai son taɓe-taɓe, ba ya ganin maɓalli ya ƙyale.

Laraba, 9 ga Yuli

Mun iso jiya. Tafiya ba ta tsofaffi ba ce. A filin jirgi aka sa na cire bel da takalmi a gaban jama'a, ina riƙe da wando da hannu ɗaya. Inda muka canza jirgi mun yi zaman jira mai tsawo a kan kujerun ƙarfe masu sanyi. Wata ma'aikaciya ta kawo wa Hajiya keken guragu, na zaci za ta ji haushi, sai na ga ta zauna ba musu. Na yi mamaki, amma gajiya ce.

Gidan su Auta a saman bene yake, ɗakuna ƙanana, tsaf-tsaf. Jikata, wadda nake kira Mai Surutu, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Tsoho, a waya ka fi haka kyau." Na ce ita ma a waya ana iya rage mata murya.

Auta ta ba ni wayar. Tana aljihun gabana.

Juma'a, 11 ga Yuli

Maigadi shiru. Rajista tana tafiya ke nan. Alhamdulillahi.

Litinin, 14 ga Yuli

Asibiti. Dogon baranda, kujerun roba, wata na'ura tana fitar da lamba. Na shiga da niyyar jin an ce ta rage maiƙo ta riƙa shan ruwa.

Likitar, yarinya ce sa'ar Auta, ta jawo takarda ta zana mana. Ƙari ne a ciki, ya kai girman da ba a barinsa. Za a yi aiki a cire, sannan a auna a ga irinsa. Tana bayani ina kallon fuskar Auta da ta uwarta, babu wadda ta razana. A nan na gane ni kaɗai ne baƙon labarin a ɗakin.

Da muka iso gida na tambayi Hajiya tun yaushe ta sani. Ta ce tun kafin zafi ya shigo wani likita a gida ya faɗa mata, ta kira Auta, suka shirya. Na ce ni fa? Ta ce, "Da na faɗa maka me za ka yi, Malam? Ka ɗora damuwata a kan ta majinyacinka? Ga shi na kawo ka, ai ya isa."

Ban ɗaga murya ba. Ban taɓa ɗaga mata ba, ba kuma yau zan fara ba.

Talata, 15 ga Yuli

Gwajin jini. Gwajin zuciya. Ni ne mai riƙe jaka.

Alhamis, 17 ga Yuli

An sa ranar aiki, Alhamis mai zuwa da safe.

Yanzu da na sani, sai nake ganin komai: yadda take dafa bango in za ta miƙe, yadda zobenta ke yawo a yatsa. Duk wannan a gabana aka yi shi.

Mai Surutu ta ga ina yawan ciro waya ina dubawa, ta ce, "Tsoho, babu mai kiranka, ka haƙura." Na ce mata a sana'armu rashin kira shi ne albishir. Abu guda ke nan da ke tafiya daidai a rayuwata a makon nan, kuma na gode wa Allah a kansa.

Lahadi, 20 ga Yuli

Su Auta sun matsa sai mun fita shan iska. Wani lambu ne mai tafki, jama'a a kwance a kan ciyawa, yara na cin askirim yana zuba a hannunsu. Hajiya ta yi 'yan taku ta zauna a benci. Wayarta ta yi ƙara, ta karanta, ta daɗe tana kallon ruwa. Na tambaya, ta ce ƙanenta ne, shuke-shuke suna lafiya.

Wani abu ya ɗan tsaya mini. A gida ba a mako guda Maigadi bai yi ƙorafi ba, ko da na ƙarya ne, layi ya ɗan yi nauyi ya ce shafi ya faɗi. Tun ranar Asabar ta wancan makon bai ce uffan ba. Wataƙila layin ne ya gyaru. Ana ta cewa za su gyara.

Talata, 22 ga Yuli

Bayan karin kumallo Hajiya ta ce Auta ta fita da yarinyar. Ta ce, "Akwai maganar da na riƙe tun shekaranjiya. Na so in riƙe ta har a fito da ni, amma in ka ji daga baya ba za ka yafe mini ba, ni kuma ban san ko zan samu lokacin roƙonka ba."

Shugabar makaranta ta je gidanmu da kanta, ta tarar da ƙanen Hajiya yana ban ruwa. Shafin makaranta ba ya buɗewa tun wajen tsakiyar wata. Ta kira layina, a kashe. Ta rubuta imel na gaggawa har ta gaji.

Na roƙi mijin Auta kwamfutarsa. Hajiya ba ta hana ni ba. Na buga adireshin makaranta: babu. Na asibitin haƙori: babu. Imel ɗina: babu. Ba shafi ne ya faɗi ba, injin ne gaba ɗaya.

Yaron ya tsaya a bayana, can ya tambaya a hankali, "Baba, ita manhajar gargaɗin a kan wace kwamfuta take?"

Ya dubi fuskata. Ya gane, ya fita ya ba ni wuri.

A kan sabar take. Imel ɗin ma a kanta yake. Na gwada abin da zai faru in shafi ya mutu, ban gwada abin da zai faru in gidan ya faɗo a kan maigadin ba. Ni da na koya wa mutane wannan aikin.

Laraba, 23 ga Yuli

Makulli yana nan a aljihuna, saboda haka sai da aka fasa ƙofa. Ƙanen Hajiya ya kira kafinta, Auta ta riƙe mini waya ina kallo ta bidiyo. Ƙofar da na sa da hannuna. Da ta buɗe ya ja da baya, ya ce, "Yaya, nan fa gidan burodi ne." Na'urar sanyi ta mutu, ba a san tun yaushe ba. Ɗaki a rufe ruf, babu inda iska za ta fita. Injin ya yi ta aiki a cikin wannan wuta har ya kashe kansa.

Na sa aka kawo fanka, muka jira ya huce, na nuna masa maɓallin. Fitila ta kama, fankar ciki ta juya, sai na ji ƙarar: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na san wannan ƙarar. Faifan ciki ne. Akwai na biyu da ke kwafar na farko, a akwati ɗaya suke, zafi ɗaya suka sha. Na ce ya kashe, kada ya sake taɓawa.

Na ciro na cikin safa. Kwafin cikakke ne, babu abin da ya ɓace, sai dai na ranar Lahadi ne, rajista kuwa Litinin ta buɗe. Babu sunan yaro ko ɗaya a ciki. Waɗanda suka yi sammako suka riga kowa, su ne a cikin mataccen faifan.

In ina can, da hannuna, akwai dabaru. Ba tabbas, amma akwai. Wani lokacin faifai yakan ba mutum 'yan mintoci kafin ya tafi gaba ɗaya, sai dai yana son wanda ya san abin da zai fara ɗauka. Rajista kuma ƙarshen wata za ta rufe.

Mijin Auta ya duba, ya ce akwai kujera ɗaya a jirgin gobe da safe. Auta ta tashi ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Hajiya ta ce, "Ka je, Malam. Mutuncinka ne. Ni barci za su sa ni, ko kana nan ko ba ka nan ban sani ba." Babu gatse a muryarta, shi ya fi ci mini rai.

Ban ce a saya ba. Ban ce kada a saya ba.

Alhamis, 24 ga Yuli

Ban tafi ba.

Kafin su tura Hajiya ɗakin aiki ta cire 'yan kunnenta da zoben, Auta ta miƙo hannu, sai ta ba ni. Na riƙe su a tafin hannu har suka yi gumi. Zaman ya yi tsawo. Akwai allo a bango mai nuna lambar kowane majinyaci da inda aka kai, na zuba masa ido kamar yadda na saba zuba wa wani allon.

An fito da ita da la'asar. Likita ta ce an cire duka abin da ido ya gani. Sauran sai sakamakon awo. Da ta farfaɗo ta dube ni, ta ce, "Jirgin ya bar ka?" Na ce ya bar ni. Ta koma barci.

Asabar, 26 ga Yuli

Mun ɗora shafukan a kan hayar wuri a ɗaya daga cikin kamfanonin da mijin Auta ya ambata tun farko. Bai ce "ai na faɗa" ba, ko da ido. Ya jawo mini kujera ya ce, "Baba, ku za ku yi, ni zan nuna muku inda suka ɓoye abubuwa." Akwai inda idona ya gaza, dole na faɗa masa kalmar sirri ya buga. Ban taɓa furta ta da baki ba sai yau. A kunne ta yi kama da shirme.

Kafin a kira la'asar duk shafukan sun tashi. Abin da na yi shekaru ina cewa ba zai yiwu ba tare da ɓarna ba. Sun ma fi sauri.

Na ci abinci don kada a ce ban ci ba.

Litinin, 28 ga Yuli

Na kira shugabar makaranta. Abin da ta fara tambaya shi ne jikin Hajiya, ta yi addu'a mai tsawo. Sannan ta faɗa mini.

Iyaye sun cika bakin ƙofa. Wasu sun ɗauki hoton shaidar rajista a waya, da yawa ba su ɗauka ba, kowa kuma yanzu cewa yake shi ya fara cikewa. Wani uba ya tsaya a gaban jama'a ya ce ita ta goge sunayen don ta sa 'ya'yan manya. Maganar ta bazu. Matar da ta yi shekaru tana korar masu neman alfarma.

Na ce zan rubuta wa iyayen takarda da sunana, in bayyana cewa laifin daga wurina yake, ita ba ta da hannu. Ta ce in rubuta, za ta manna a ƙofa, ko da yake wanda ya riga ya yanke hukunci ba ya karatu. Za a sake rajistar daga farko. Waɗanda suka yi sammako wancan karon, wasunsu za su rasa.

Can ta ce, "Injiniya, ba ka ci amanata ba, na sani. Da ka bar matarka ka taho ma da ka faɗi a idona. Amma makaranta ba tawa ce ni kaɗai ba." 'Ya'yanta sun riga sun samo kamfani. Ta roƙe ni in miƙa musu komai cikin tsari.

Na ce zan miƙa. Na gode mata. Mun yi sallama kamar yadda ya kamata.

Juma'a, 1 ga Agusta

An sallamo Hajiya. Tafiya a duƙe, hannu a kan ɗinki. Ni ke ba ta magani a kan lokaci, wannan aƙalla na iya. Mai Surutu ta naɗa kanta shugabar ma'aikatan jinya, tana ba ni umarni.

Na rubuta takardar iyaye. Na yi ta gyara ta, duk inda na ga na soma kare kaina sai in goge. Abin da ya rage bai cika rabin shafi ba.

Laraba, 6 ga Agusta

Na miƙa wa sababbin masu kula da shafin makaranta komai. Wani saurayi ne ya karɓa, ya rubuto cewa bai taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Ladabi ne kawai, ina jin.

Laraba, 13 ga Agusta

Sakamako ya fito. Ba irin wanda muka roƙa ba ne, ba kuma mafi muni ba. Za ta sha magani na watanni, mai wahalarwa, za a iya yi a gida, sannan ta dawo a sake dubawa. Likita ta ce akwai fata sosai. Na lura ba ta ce tabbas ba. Hajiya ta ce, "To, Allah ya sa kaffara ce," ta tambayi Auta me za a dafa.

Asibitin haƙori sun rubuto, cikin mutunci, su ma za su tashi. Na kira mai kayan gini don in ba shi haƙuri, ya ce, "Shafi? Yaushe ya faɗi?" Bai ma sani ba. Ban san wanne ya fi zafi ba, tashin waɗancan ko wannan.

Asabar, 23 ga Agusta

Mun dawo jiya. Wannan karon ni na nemo keken, ni na tura.

Gidan yana nan, shuke-shuke sun sha ruwa har sun wuce kima. Ƙofar ɗakin inji tana jingine da bango, gefenta a tsage. Na shiga. Warin ƙonanniyar roba bai gama fita ba. Na ciro faifan na gwada dabarun da na sani, ɗaya bayan ɗaya, ba don makaranta ba, an riga an gama sabuwar rajista. Don dai in sani. Bai ba ni ko minti ɗaya ba. Da na zo ranar nan zai ba ni? Babu mai faɗa mini, kuma ba zan sake tambayar kaina ba.

Gidan ya yi tsit ba ƙugin injin. Hajiya ta ce ashe famfon maƙwabta yana ɗiga.

Talata, 26 ga Agusta

Hajiya ba ta iya hawa bene zuwa ɗakinmu. A kan doguwar kujerar falo take kwana tun da muka dawo, ƙafarta a lanƙwashe, kuma masu zuwa dubiya suna shigowa su same ta haka. Ba ta ce komai ba. Na daina ɗaukar wannan a matsayin amsa.

Ƙungiyar tsofaffin ma'aikata sun aiko a tambaye ni yaushe zan tayar da injin. Na ce ina nazari. Gaskiya ce, ina nazari. Akwai inda ake samun faifai mai kyau, kuma sauran kayan cikin ba su lalace ba.

Da rana na shiga ɗakin don in share. Akwai tagar da na toshe da katako tun lokacin da na kawo injin, saboda ƙura. Na ɓamɓare shi, don warin ya fita kawai. Ashe taga ce babba, tana kallon bishiyar bayan gida. Ina riƙe da guntun waya, sai na gwada tsawon bangon da shi, na hau sama na gwada gadonta. Zai shiga, in aka fitar da kantar ƙarfen da injin ke kai. Bayi kuma yana kusa.

Ban yanke shawarar komai ba, ban kuma faɗa mata ba. Na dai kwance kusoshin kantar, dama sun soma tsatsa. Kafinta zai zo gobe ya mayar da ƙofa. Na ce masa ba sai ya sa makulli ba.